Na Danna Lafiya

Auta! Ke Auta, kina ina ne wai? Na kira na kira, wayar tana ta ƙara ba a ɗauka. Na san dai kina bakin aiki sun kulle muku wayoyi a akwati kamar yadda suka saba, amma zuciyata ba ta san wannan ba. Shi ne na ce bari in zauna in rubuta ko da yatsa ɗaya ne, kin san rubutun nawa sai haƙuri.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki ya gajiya? Ya ƙafar nan da kika ce tana kumbura in kin wuni a tsaye kina guge wa mutanen otal zannuwan gado? Kina ɗora ta a kan filo kamar yadda na ce miki? Mu nan duk lafiya lau, Babanki ma lafiya.

Kin gani ko, hannuna ya riga ni. Na rubuta lafiya lau, alhali wannan kalmar ce ta jefa ni cikin abin da nake ciki. Ki nemi wuri ki zauna tukuna kafin ki ci gaba.

Kin dai san inda aka kwana. Kunnen Babanki ya yi nauyi, direbobi su zo bakin get ɗin sito su yi ta danna hon yana zaune a kujerarsa kamar da wani ake. Manaja ya ce shi ba zai riƙe maigadin da ba ya jin mota ba, zuwa ƙarshen wata ko a gyara kunne ko a ba shi makullinsa. Kuma kin san makullin get da na ɗakin nan da muke kwana a zobe ɗaya suke, in aka karɓi ɗaya an karɓi ɗayan. Kika turo kuɗin na'urar kunne, kika ce Mama asibiti za ku je, ba ko'ina ba. Na je Auta, Allah ya sani na je. Likitan ya ce sai an auna, sai an jira, kuma kuɗin sun ɗan hau kan abin da ya faɗa da. Na kasa buɗe baki in ce ki ƙaro, ni da na san ƙarin awa kike yi a kan kumburarriyar ƙafa.

Ina zaune ina saƙe-saƙe sai Mai abinci, wannan da take kafa teburinta a jikin katangarmu, ta ce ke kina da waya a hannu kina wahala? Ta nuna min kasuwar cikin waya inda ta sayi tukwanenta. Muka rubuta na'urar kunne sai ga su reras. Akwai wani da ya sa wa shagonsa suna Mai Amana, nasa guda biyu ne, dama da hagu, kuma ba su kai kuɗin guda ɗaya na likita ba. Na ce shi ke nan, canjin ma in mayar wa Auta ta sayi takalmi mai laushi.

Yaron shagon nan Auta, da na kira shi a waya! In kin ji muryarsa sai ki ce a gidanmu ya tashi. Mama ina kwana, Mama ya kunnen Baba, wai shi ma tsohonsa irinta yake sawa har yana jin tafiyar agogo. Ni kuwa ina ta sa masa albarka kamar ni na haife shi.

Ranar da mai babur ya kawo kwalin, ko tef ɗin ban ɓare ba sai waya ta yi ƙara. Saƙon kasuwar ne, kin san ke kika mayar min da wayar Hausa don kar in sha wahala. An rubuta, Kaya sun iso lafiya? A ƙasa ga kore an sa Lafiya, ga ja an sa Da matsala. To Auta ke ki faɗa min, wa ake tambaya lafiya ya ce da matsala? Ranar da zan haife ki ina murƙususu nas ta leƙo ta ce ya jiki, na ce da sauƙi. Kwali bai jiƙe ba, mai babur bai faɗi a hanya ba, ga Mai Amana ya kira a daidai lokacin yana cewa Mama sun gaishe ki ai, ki amsa musu mana. Na danna Lafiya. Suka ce taurari nawa zan ba shi, na cike masa duka, har na rubuta yaron kirki Allah ya yi albarka.

Sannan na buɗe. Abin yana da kyau a ido, kalar fata, a kwance cikin soso. Amma ba nauyi, kamar ɓawon gyaɗa. Na sa a kunnena, shiru. Na kai ɗaya wajen mai gyaran waya na bakin titi, ya ɓalle shi ya juyo min da cikinsa, wayam. Ko wajen batir babu, zane ne kawai aka yi. Ya ce irin wanda ake jerawa a gilashin shago ne don talla. Na kira Mai Amana, layin ba ya shiga, har yanzu da nake miki maganar nan.

Ɗayan kuma yana kunnen Babanki. Kafin in ankara ya ɗauka ya maƙala, ya ce daga Auta ne? Na ce e. Ya wuni yana nuna wa direbobi. Na tsaya a bayansa na ce Malam, Malam, bai waiwayo ba.

Don Allah in kin fito ki gaya min abin da zan danna kuɗin nan su dawo. Ki yi min faɗa in kina so, amma ki gaya min. Allah ya yi miki albarka ya tsare min ke.

Ni ce,
Mamanki

* * *

Auta tawa, sallama da gaisuwa. Ya aikin, ya ƙafa, kina dai cin abinci ko? Na ga alamar nan ta gefen saƙo ta canza kala, na san kin karanta. Ba ki ce komai ba. Ban ga laifinki ba, ni ma da ni ce da na yi shiru.

A bakin taga nake rubuta miki, waya a hannun dama, igiya a hannun hagu. Bari in gaya miki zancen igiyar kar ki ji a wani wuri ki ce uwarki ta taɓu. Igiyar shanya ce na kwance, na zira ta ta taga, ta bi bayan durom ɗin ruwa ta je har ƙarƙashin kujerar Babanki. Na yi mata zarge yadda zai zura ƙafa ya zare ba wanda ya gani. In na ji hon sai in ja. Ja ɗaya babbar mota, ja biyu motar Manaja. Na ce wa Babanki wai an ce sai kunne ya saba da na'urar, kafin nan mu ɗan taimaka mata. Ya dube ni ya ce haka ne, ya miƙo ƙafa.

Direbobi suna ta cewa kai Baba kunne ya dawo sabo, shi kuma yana shafa robar yana cewa aikin 'yata ne. Manaja ma ya wuce ya ɗaga masa hannu. Ni kuwa ko banɗaki a guje nake zuwa, risho ma na jawo shi gindin taga, labule duk ya yi hayaƙi. Jiya na ja da ƙarfi ashe motar kamfanin da ke kallonmu ce, Babanki ya wangale get ya tsaya yana yi wa iska sannu da zuwa.

Tsaya, mota.

Yauwa, ta shige. Zancen kuɗi kuwa, na samo wajen da ake kai koke a cikin kasuwar. Na rubuta musu komai tun daga gaisuwa, na ce an cuce ni, abin fanko ne. Ko numfashi ban sauke ba amsa ta zo, wai mun yi farin ciki da kayanki sun iso lafiya, mun gode da ciniki da mu. Na ce ba lafiya ba fa, ku karanta da kyau. Aka sake turo min irinta sak. Na rubuta da roƙo, na rubuta da faɗa, har na ce don darajar iyayenku. Sai Mai abinci ta leƙo ta ce ke da inji fa kike yi, ba shi da uwa ba shi da uba.

Ita ta samo min lambar da ake kira. Suka yi ta sa min kiɗa a kunne katina yana ƙonewa, sai na cire rai sannan wata yarinya ta ɗauka, muryarta kamar taki in kin gaji. Ita ce ta fahimtar da ni. Ashe in ka biya, kuɗin ba wajen mai kaya suke tafiya ba, kasuwar ce take riƙe su a hannunta sai mai saye ya ce ya gamsu. Wannan Lafiya da na danna ba amsa gaisuwa ba ce, sa hannu ne, wai shi ne na ce su sakar masa. Auta kuɗinki suna ajiye a wuri mai kyau, ni da yatsana na buɗe musu ƙofa. Na ce 'yar nan, to me ya hana ku rubuta a saki kuɗi, kuka rubuta lafiya? Ta ce Mama ba ke kaɗai ba ce, ta sha gaya wa manyansu. Wai shi ya sa masu irin halin Mai Amana suke kira a daidai lokacin, kafin mutum ya buɗe kwali.

Ta ce ƙofa ɗaya ta rage. A ɗauki bidiyo, a nuna wanda aka saya wa abin yana sanye da shi, a nuna ba ya aiki, a tura kafin wa'adin koke ya cika, shi ma ƙarshen watan nan ne. In manyansu sun yarda za su aiko a karɓi kayan su duba, sannan su biya ni, su kuma su bi shi.

Bidiyon Babanki ke nan fa Auta. Mutumin da yake gaya wa leburori yanzu har kukan sauro yana ji. Ta ina zan fara? Ki ce wani abu don Allah, ko harafi ɗaya ne.

Ina gaida abokiyar ɗakinki mai yawan dariya. Allah ya ba ki lafiyar ƙafa.

Mamanki

* * *

Auta, ina gaisuwa, ina fatan kin tashi da sauƙin jiki. Saƙonki ya iso. Ba komai Mama, shi ke nan abin da kika rubuta. Na karanta na sake karantawa har allon ya yi duhu. Ni na koya miki ba komai, na san abin da ake ƙunshewa a cikinsa. Wallahi gara ki zage ni.

Yau na tafka wata. Na ce kafin in tunkari Babanki bari in gwada banki, ko su za su iya janyo kuɗin ba sai an yi bidiyo ba. Na zagayo da igiyar ta kan katanga na damƙa wa Mai abinci, na ce ja ɗaya babbar mota, ja biyu Manaja. Ta ce je ki abinki, ni da nake jin ƙarar cokali daga ƙarshen layi.

A bankin na bi layi har ƙafata ta yi tsami, sannan aka kai ni gaban wani mai taye. Ya ce Mama an sace miki kati ne? Na ce a'a. An karɓi lambar sirrinki? A'a. To ke kika tura da hannunki? Na ce e, amma yaudarata aka yi. Ya ce ya tausaya min ƙwarai, sai dai su a wajensu kuɗi sun tafi inda mai su ya aike su, in koma wajen kasuwar. Har ya tambaye ni ko akwai wani abin da zai taimaka min da shi, sai na ji bakina yana cewa babu, na gode. Kin ji fa. Sai da na fito rana ta doke ni na ce ke wace irin mace ce.

Tun daga kwanar titinmu na jiyo hon. Tirelar siminti ce ta tokare hanya a bakin get, motoci sun yi layi a bayanta kowa yana danna nasa. Ashe lokacin cin abincin leburori ne, sun yanyame Mai abinci, igiyar tana ƙasa wani ya take ta da takalmi. Babanki kuwa ya juya wa get baya yana gyaran tocilansa hankali kwance. Ina gudu ina riƙe da mayafi amma Manaja ya riga ni, da kansa ya sauko daga bene ya dafa masa kafaɗa. Na ga yadda ya zabura har hularsa ta faɗi. A gaban leburori Auta, yaran da ya girmi iyayensu.

Babanki ya ce ranka ya daɗe batir ne ya ƙare. Batir! Abin da ko ramin batir ba shi da shi. Manaja ya daɗe yana kallon robar nan, ya ce don ya ga an yi ƙoƙari an sayo na'ura ne zai ƙyale na yau, amma in aka kuma ba sai an jira ƙarshen wata ba. Allah ya rufa asiri bai kalli ƙasa ba, ƙafar Babanki tana cikin zargen.

To kin ga inda nake. Robar banza ce take riƙe mana da ɗaki. In na mayar da ita don a biya mu, Manaja zai ga kunne tsirara. In na bar ta, guminki ya tafi a banza, kuma igiya ba za ta riƙe mu har abada ba, wata rana zazzaɓi zai kwantar da ni ko gyangyaɗi ya sace ni. Na zauna ina kallon ɗakin nan, gadon ƙarfen nan da ba ya fita ta ƙofa sai an kwance shi, labulen da kika ɗinka da hannu, da zanen da Babanki ya yi ta yi a jikin ƙyaure yana auna tsawonki. Gado da labule a ɗauka, ƙyauren fa? Kuma a ɗauka a kai ina?

Abin da ya fi ci min rai, na leƙa shagon Mai Amana, yana nan yana cinikinsa. A sama ga maganata an liƙa, yaron kirki Allah ya yi albarka, ga taurarina suna ƙyalli. Da bakina ake kamo wasu matan Auta. Na nemi wajen gogewa na rasa.

Gobe zan yi wa Babanki magana, ba makawa. Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Mama

* * *

'Yar albarka, sallama. Ya jiki ya aiki? Allah ya sa zannuwan ba su yi yawa yau ba.

Kin taɓa tunanin yadda ake gaya wa mai nauyin kunne sirri? Ba a yi masa raɗa. In na yi magana yadda zai ji, har ofishin Manaja za a ji. Sai na jira motocin safe suka gama shiga, aka ɗauke wuta, suka tada babban janareton sito, wannan da yake sa kwanukanmu rawa. Na jawo Babanki ɗaki na rufe ƙofa, na manna bakina a kunnensa na hagu mai ɗan dama-dama, na yi ta ihu. Ina ihu ina kuka, maƙogwarona har yanzu zafi yake. Na ce Malam abin nan ba ya aiki, fanko ne.

Ya ce ya sani.

Wai tun ranar farko ya zagaya bayan ɗaki ya ƙwanƙwasa buta a gefen kunnensa bai ji komai ba. Na ce to me ya sa ka yi shiru kana ta nuna wa mutane? Ya ce yarinya ta tsaya a kan ƙafarta ta tara, ta zaɓo da kanta ta aiko wa ubanta, sai ya buɗe baki ya ce mata an cuce ta? Na ce ba ita ta zaɓo ba, ni ce, ita asibiti ta ce mu je. Ya daɗe yana kallona, na ce yau sai abin da Allah ya yi. Sai ya ce au, ke ce? To ai da sauƙi. Wai dama ya yi mamaki, Autar da ko tumatir ba ta saya sai ta latsa. Na rasa dariya zan yi ko kuka, na haɗa duka.

Bidiyon ne ya ƙi. Ya ce shi ba zai zauna a gaban waya ya gaya wa duniya shi kurma ne ba, abin da ya shiga waya ba ya fita, gobe sai ka gan shi a hannun Manaja. Na sake manna baki na ce gumin Auta ne fa. Sai ya tashi ya buɗe akwati ya sako rigarsa mai kyau.

Mai abinci ce ta riƙe wayar. Na farko ya lalace don ya tsaya gaida mutanen kasuwar, ya iyali, ya ciniki, Allah ya ba da sa'a. Na biyu na tsaya a gabansa na ce Malam kana jina? Ya kalli bakina ya ce lafiya lau, alhamdulillahi. Mai abinci ta yi dariya har wayar ta kusa suɓucewa, ta ce ku gidanku dai ciwon ɗaya ne. Sai ta ce in koma bayansa inda ba zai ga bakina ba. Na ɗauko murfin babbar tukunya da ludayi, na tsaya ta wajen kunnen da robar take, na kama bugu. Auta na buga har tantabarun kan rufin sito suka watse, har wani kare can nesa ya kama haushi. Babanki yana zaune a bakin gado ya miƙe wuya, hannu a gwiwa, yana kallon waya kamar mai ɗaukar hoton katin aiki. Ko ido bai ƙifta ba. Na gaji na bari. Mai abinci ta sauke wayar, ta daina dariyar.

Can sai ya ce, to ku fara mana.

Na fita na tsaya bayan durom sai da na gama abin da zan yi na wanke fuska, sannan na dawo na ce masa ya yi kyau. Na tura musu, na haɗa da hoton cikin fankon. Ke ba zan turo miki ba, kar ki tambaya.

Yana gaishe ki, ya ce in gaya miki kar ki sa komai a ranki. Ni ma ina gaishe ki.

Mamanki

* * *

Auta, assalamu alaikum. Yau ba zan ce miki muna lafiya ba, muna nan dai da rai. Ke ma kar ki ce min ba komai, ki gaya min gaskiyar ƙafar nan, ta kai ina, takalmi yana shiga ko ba ya shiga. Na ga kin rubuta wai za ki roƙi a ba ki albashin gaba ki sake turowa. Kar ki kuskura. In kika yi ban yafe ba, na gaya miki.

Yarinyar kasuwar ta kira. Sun yarda Auta. Ta ce ita ma ta kalli bidiyon, ba ta iya kaiwa ƙarshe ba. Sun rufe shagon Mai Amana, taurarina sun tafi tare da shi, wannan kam na ji sanyi. Yau za su aiko mai babur ya karɓi robobin duka biyu. Amma kuɗin sai sun duba sun sa hannu, sai cikin wata mai kamawa, ta ce ba za ta yi min ƙarya ta sa rana ba. Na ce 'yar nan, ƙarshen wata fa ake karɓar makulli. Ta ce Mama iyakar ikona ke nan. Na gode mata, wannan karon har zuciya.

Babanki da kansa ya cire robar daga kunnensa. Ya goge ta da tsumma ya kwantar a cikin sosonta kusa da 'yar uwarta, wai ko kayan macuci ne a mayar masa da tsabta. Bayan kunnensa duk ya saluɓe inda robar take gurzarsa, bai taɓa faɗa ba. Na shafa masa mai yana cewa ba zafi.

Ɗazu kuma masinjan ofis ya leƙo ya ce Manaja zai sauko bayan la'asar, yana son ganin Baba a ɗaki, bai ce don me ba. Mai abinci ta ce a sa masa hular sanyi mai rufe kunne a ce mura yake yi, ko a roƙi mai babur ya je ya dawo gobe. Wallahi har na ɗauko hular, sai na mayar. Na gaji da amsa gaisuwa Auta.

Abin da zan ce wa Manaja na shirya shi. Ranka ya daɗe kunne bai gyaru ba, cutarmu aka yi, ga bidiyo ga saƙon kasuwa, kuɗi suna hanya, likita ya san da zamanmu. Duk motar da ta shiga a kan lokaci kwanakin nan ni na ji ta, ga igiyar ma ka gani. In za ka yarda ka bar mu mu biyu a albashin mutum ɗaya, shi hannu ni kunne, har na'urar gaskiya ta zo. In ya ƙi kuwa ban san inda muka nufa ba. Na fara zuba kwanuka a buhu, Babanki ya gani ya yi kamar bai gani ba. Tun safe nake maimaitawa ina wanke-wanke, amma bakina nake tsoro. Kar ya shigo ya ce ya gida in ji na amsa masa irin ta kullum.

Lodin yau ya ƙare, get a rufe yake. Babanki ya shigo yana zaune a bakin gado, ya juya wa ƙofa baya yana naɗe kwalin da tef. Don sabo har igiyar ya shigo da ita ya zura ƙafa a zargen, ɗaya bakin yana kan cinyata. Ki yi mana addu'a, ki ɗora ƙafar a filo, in kin samu hutu ki

Ana ƙwanƙwasawa. Ban ji ƙarar babur ba Auta, Manaja ne ke nan. Babanki bai ɗago ba. In na ja sau biyu zai miƙe ya buɗe kamar ya ji.

Ban ja ba. An kuma bugawa. Bari in je da kaina, in ya tambaya zan ce masa ba lafi